Wuƙar Ruwa: Da Gaske a Baxter Springs Aka Binne Cibiyarta?

Tambayar da wani ɗalibin injiniya ya aiko: "Na ga bidiyon wani inji yana yanka ƙarfe mai kauri da tsinin ruwa. Da na bincika sai na ga ana cewa wani ɗan ƙaramin gari a jihar Kansas ta Amurka, Baxter Springs, shi ne mahaifar wannan fasaha. Gaskiya ne ko cika baki? Kuma ta yaya ma ruwa zai yanka ƙarfe?"

Ɗan'uwana, sannu da ƙoƙari. Akwai gaskiya a maganar mutanen Baxter Springs, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma iyakar ta faɗo daidai kan abin da ka gani a bidiyon. Injin da ya fito daga garin nan a farkon shekarun 1970 kwali yake yankawa. Da ka miƙa masa farantin ƙarfe, iyakarsa ya wanke maka shi tas. Mai yanka ƙarfe sai bayan kusan shekara goma ya zo, daga wani gari mai nisan fiye da kilomita 2,000, kuma a hannun wani Bamisire. Duk da haka ina cikin masu cewa a bar wa garin kirarinsa. Na yi shekaru ina tsaye a kan irin wannan inji a wata masana'antar yankan ƙarfe, don haka bari in fara maka daga bakin nozul, wato inda tsinin ruwan ke fitowa, in ya so mu koma Kansas daga baya.

Da ma'aunin da ake kira bar ake auna matsi, kuma iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 2.5 ba. Injin da yara ke wankin mota da shi a bakin titi yana ba da bar 100 zuwa 200, kuma ka san yadda yake ɗaye fenti idan aka matso da shi kusa. A wuri mafi zurfi na teku, matsin ruwa yana kusan bar 1,100. To wuƙar ruwa a bar 4,000 take aikinta na yau da kullum, sababbin kuma suna kai 6,000. Bar 4,000 kamar a ɗora maka nauyin tan 4 ne a kan farcen yatsa guda. A makaranta an koya mana cewa ruwa ba ya matsuwa. A wannan matsin yana matsuwa, har yakan ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 na cikarsa, ya zama kamar sifirin da aka danne yana neman hanyar fita.

Hanyar da ake ba shi kuwa 'yar huda ce wadda faɗinta bai kai rabin milimita ba, an huda ta a jikin ɗan dutsen yaƙutu ko lu'ulu'u, domin ƙarfe ba zai jure ba, ruwan zai cinye shi. Daga nan yake fitowa da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, wato ya ninka gudun sauti a iska sau biyu da rabi. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ƙarancin ruwan. Famfo mai ƙarfin doki 50 lita 4 kacal yake turowa a minti, bai kai abin da famfon banɗaki ke zubarwa ba. Ƙarfin duka an tattara shi ne a kan wuri mai kaurin zare.

Wannan zallan ruwan yana yanka abu mai laushi: kwali, roba, soson katifa, kafet ɗin cikin mota, ƙunzugun jarirai, har kek da naman kaza a masana'antun abinci. Kuma ba ya jiƙa su yadda za ka zata, saboda kafin takarda ta sha, ruwan ya riga ya wuce.

Ƙarfe kuwa sai da yashi. A ƙarƙashin hudar akwai wani ɗan ɗaki, ruwan na ratsa shi a guje sai ya zuƙo iska, iskar ta jawo yashi ta wata 'yar mesa. Su haɗu su shiga wani siririn bututu mai taurin gaske, faɗin cikinsa kamar milimita 1, su fito tare. Ruwan doki ne kawai, yashin ne mahayin da ke riƙe da mashi. Kowace ƙwaya tana gutsurar ɗan abin da ido ba ya gani, dubbai na bin bayanta, kamar dai samfefa ce aka mayar da ita zare. Kuma ba yashin rafi ba ne. Dutsen ganet ne da aka niƙa aka tankaɗe, ja-ja kamar garin barkono, mai kaifin gefe, yawancinsa daga Indiya da Ostareliya da Amurka ake kawo shi. Injinmu yakan cinye kilo guda a cikin minti uku ko ƙasa da haka, kuma a lissafin wata, kuɗin yashi ne ke kan gaba, ya fi na wuta.

Me ya sa mutum zai ɗauki wannan ɗawainiya alhali ga gas, ga giranda, ga lesa? Duk mai walda ya san abin da yankan gas ke yi wa faranti: bakin ya yi shuɗi, ya taurare har ya ƙona maka bakin diril, farantin kuma in siriri ne ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Wuƙar ruwa ba ta dafa ƙarfe. Kana gama yanka sai ka sa hannu ka ɗauko abin a jiƙe, da sanyinsa, halin ƙarfen bai sauya ba. Ɓarnar da take yi faɗin milimita 1 ce. Ba ruwanta da ko abin tagulla ne, ko alminiyam, ko marmara, ko tayil, ko katakon da aka manna da ƙarfe. Shi ya sa masu ƙera jiragen sama suka rungume ta da wuri, shi ya sa kuma aka yi amfani da ita wajen yanke kawunan rijiyoyin man Kuwait da aka cinna wa wuta a 1991. Tana da nata aibun: nawa gare ta a kan lesa idan farantin siriri ne, ƙara gare ta mai huda kunne sai dai a nutsar da bakin a ruwa, in kuma ka gaggauta ta sai ƙasan yankan ya fito da zane-zane kamar an ja shi da tsintsiya. Akwai ma abin da ba ta iyawa. Wata rana an kawo mana gilashin tebur a fitar masa da da'ira, ba wanda ya lura cewa irin gasasshen nan ne da ake sa wa tagogin gefen mota. Tsinin na taɓa shi ya tarwatse gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Mun yini muna kwashe shi daga cikin tanki, mai kayan kuma yana tsaye a kanmu.

Yanzu tarihin. Tunanin sa ruwa ya ci abu mai tauri ya girmi kowane kamfani da ke raye. A 1853 wani mai haƙar zinariya a Kalifoniya, Edward Matteson, ya fara rusa gangaren tsauni da ruwan mesa, abin ya bunƙasa har laka ta cike koguna da gonaki, kotu ta taka masa birki a 1884. Kakanninmu da suka je aikin kuza a Filato sun ga irin wannan da idonsu, manyan bututun da ke feshin ruwa suna zubar da gaɓar rami. A shekarun 1930 Rashawa sun gwada shi a ramukan kwal, wani kamfanin takarda kuma a jihar Wisconsin ya yi injin da ke tsaga takarda da ruwa mai ƙaramin matsi. A 1958 wani injiniyan kamfanin jiragen sama na North American Aviation, Billie Schwacha, ya nemi rajistar hanyar yanka abu mai tauri da ruwan da matsinsa ya kusa bar 7,000. Duk wannan kafin a ji sunan Baxter Springs a cikin maganar.

Sai Norman Franz, wanda littattafai da yawa ke kira uban wuƙar ruwa. Shi masanin katako ne, ya yi bincikensa a Jami'ar Michigan, daga baya ya koyar a Jami'ar British Columbia ta Kanada. Damuwarsa zarto ce: duk gungumen da aka tsaga, wani kaso nasa gari yake zama ya tafi a banza. A gwajinsa na farko nauyi yake sakowa daga sama ya faɗa kan ruwan da ke cikin bututu, ruwan ya tsillo ta ƙaramar huda. Ya ga yana yanka, amma na ƙiftawar ido, sai a sake ɗaga nauyin. Daga baya ya gano cewa in aka narka wani sinadari mai yauƙi a ruwan, tsinin ba ya saurin watsewa, ya kuma yi rajistar wannan a ƙarshen shekarun 1960. Abin dariyar shi ne katakon da ya sa shi fara aikin yana cikin abubuwan da har yau ba a cika tsagawa da ruwa ba.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Kowa ya san ruwa zai yanka. Abin da babu shi ne famfon da zai riƙe wannan matsin daga safe zuwa dare, yau da gobe, ba tare da ya fashe ko ya yi yoyo ba. A nan ɗan garin namu ya shigo, kuma ta wata hanya da ba za ka taɓa zata ba: ta hanyar leda.

Ledar da ake ƙulla maka tumatir a kasuwa da ta fiya wata, robarsu an gano ta ne a kamfanin ICI na Ingila a 1933, kuma ba ta haɗuwa sai a cikin tukunyar da matsinta ke tsakanin bar 1,000 da 3,000. Ana cikin wannan matsin kuma dole a riƙa ɗura wani sinadari kaɗan-kaɗan don haɗin ya ci gaba. Ka ga ke nan ana buƙatar famfon da ya fi ƙarfin tukunyar, wanda kuma ba ya tsayawa, domin masana'antar roba ba ta barci. Wani kamfani a Baxter Springs mai suna McCartney Manufacturing ya shiga ƙera irin wannan famfo tun wajen 1960. Lokacin da Franz ke neman wanda zai ba shi matsi mai ɗorewa, su sun yi shekara goma suna fama da matsalar, don wata sana'a daban.

Dabarar famfon mai sauƙin faɗi ce. Ka san jak ɗin ɗaga mota, inda ƙaramin fistin ke tura babba ya ɗaga nauyi. To juya shi. Mai ne a kan matsin bar 200 yake tura babban fistin, shi kuma yana tura siririn sanda wanda faɗin kansa ya gaza nasa sau 20. Ƙarfin da ya bazu a wuri mai faɗi ya taru a ƙaramin wuri, 200 sau 20, ka sami 4,000. Sanda biyu ne, dama da hagu, ɗaya na matsawa ɗaya na zuƙar sabon ruwa, ga kuma wata tukunya mai kauri da ke ajiye matsattsen ruwa don kada tsinin ya yi numfashi lokacin da fistin ke juyawa.

A takarda shafi ɗaya ne. A aikace kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Silindar tana kumbura tana saki sau dubbai a kowane yini, in akwai ɗan karce a cikinta ko da farce ba ya jin sa, nan tsaga za ta fara. Bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ƙarfe ne kan ƙarfe, sai an goge fuskarsa ta yi kamar madubi. Sil ɗin da ke kewaye da sandan don hana yoyo awa 'yan ɗaruruwa yake yi ya mutu. Mu da muke aikin dare da kunne muke gane lafiyar famfo. Yana da bugu kamar na masu daka su biyu, tim, tim, daidai wa daida. Ranar da ka ji ɗaya ya fara riga ɗaya, to bawul ya fara sakin ruwa. Sai ka zagaya ka duba 'yar hudar da aka bari a jikin silinda don tona asirin yoyo, in tana ɗiga ka san sil ya kusa, ka taɓa kan silindar da bayan hannu ka ji ko ya yi zafi. Ba a kuma laluben yoyo da yatsa, domin ruwan da ke yanka kwali ba ya tambayar ko fata ce. Duk wannan ilimin, wane ƙarfe ne ke jurewa, wace roba ce ba ta narkewa, yaya za a ɗaure mahaɗar bututu, ba a samun sa da tunani a ofis. Sai an fasa silinda da yawa. Shi McCartney ya riga ya biya wannan kuɗin makarantar.

Da aka haɗa binciken Franz da famfon McCartney, sai aka sami injin farko da wani ya sa kuɗinsa ya saya don aikin masana'anta. An kafa shi a farkon shekarun 1970 wa kamfanin Alton Box Board, yana yanka bututun kwali mai kauri da masu kayan ɗaki ke amfani da shi, wanda zarto ke yagawa wuƙa kuma ke murƙushewa. Kamfanin da ya gaji McCartney 1971 yake ƙirgawa a matsayin shekarar haihuwa. Wannan shi ne ainihin abin da garin ke tinƙaho da shi.

Garin kansa bai kai mutum 4,000 ba. Yana can kusurwar kudu maso gabashin Kansas, dab da iyakar Oklahoma da Missouri, a bakin kogin Spring. Bayan yaƙin basasar Amurka zangon shanu ne, inda makiyayan Texas ke koro garkunansu, har yau kuma yana kiran kansa garin shanu na farko a Kansas. Da shanu suka sauya hanya sai arzikin dalma da zinki ya zo yankin, shi ma ya ƙare ya bar tsibin tsakuwa da gurɓatacciyar ƙasa a garuruwan da ke kewaye. Shahararriyar hanyar nan ta Route 66 ta ratsa tsakiyarsa, ita ma aka yi babbar hanya ta kauce masa. Garin da abubuwa uku suka zo suka wuce shi, in ya sami na huɗu da ya zauna, ba na ganin laifinsa don ya buga ganga.

Sai dai mu dawo kan bidiyonka. A farkon shekarun 1970 wasu masana da suka baro kamfanin Boeing sun kafa Flow Research a garin Kent na jihar Washington, kusa da Seattle, suka shiga harkar da nasu famfon. A 1979 suka ɗauki Dakta Mohamed Hashish, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Iskandariya ta Masar, ya yi na uku a Jami'ar Concordia da ke Montreal. Aikin da aka ba shi shi ne ya ƙara wa tsinin ƙarfi. Zuba yashi a ruwa ba sabon tunani ba ne, wasu sun gwada tun da daɗewa. Matsalar ita ce yashin da ke cin ƙarfen da kake yankawa yana cin bututun da yake bi ta ciki. Hashish da abokan aikinsa su suka daidaita yadda za a shigar da yashin bayan ruwan ya riga ya fito daga huda, ta yadda famfo da yaƙutun ba sa haɗuwa da shi sam. Wajen 1980 suka fara yanka ƙarfe da gilashi da kankare, a 1983 aka sayar da na farko, don yanka gilashin mota. Ko a lokacin bututun haɗin bai daɗewa, sai da aka samo masa wani irin tauraren ƙarfe na musamman kafin abin ya zama na kasuwa sosai. Saboda haka in wani ya nuna maka tsinin ruwa na ratsa faranti mai kaurin tafin hannu ya ce daga Kansas ne, ka ce masa famfon wataƙila, amma haƙoran daga Kent suke.

Mu Hausawa bai kamata irin wannan rikicin suna ya zame mana baƙo ba. Jar fatar akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa ta yi ƙarnoni tana shiga Turai da sunan fatar Maroko, don kawai ta can ayari ke fitar da ita. Suna yakan manne wa inda kaya suka shiga kasuwa. A wancan an danne mai aikin ne. A na Baxter Springs kuwa, wanda ya kai kasuwar shi ma ya yi aikin da ya fi wuya, shi ya sa nake raba su.

Ga inda na tsaya. Masu cewa garin ba shi da wani haƙƙi, tunda ga Schwacha a 1958 ga Franz, suna ƙirga takardun rajista ne, kuma ofishin rajista cike yake da injunan da ba su taɓa yin aikin yini guda ba. Wanda ya taɓa tashi ƙarfe biyun dare yana sauya sil da hannu a jiƙe ba zai raina wanda ya fara sa wannan famfo ya kwana yana bugu ba. Su kuma masu tallar garin, in suka saki maganar ba linzami har ta haɗa da yankan ƙarfe, sun ci rabon Hashish, kuma yankan da yashi shi ne ya fitar da fasahar daga masana'antar kwali ya kai ta kowane shagon ƙira. In rubutu za ka yi a makaranta, rubuta haka: a Baxter Springs aka ƙera injin yanka da zallan ruwa na farko da aka sayar don aikin masana'anta, a farkon shekarun 1970, bisa binciken Norman Franz, yankan ƙarfe da ruwa mai yashi kuma aikin Mohamed Hashish ne a Kent wajen 1980. Ba malamin da zai ja da kai a kan wannan.

McCartney tun a shekarun 1960 ya shiga ƙarƙashin kamfanin Ingersoll-Rand, a 2003 kuma wani kamfanin Suwidin ya saye sashen ya sa masa suna KMT Waterjet, kuma har yanzu a Baxter Springs yake ƙera famfunansa. Flow na nan a Kent. Shekara da shekaru suna kishiyoyi a kasuwa, kowanne na cewa shi ne na fari, sai ga shi tun wajen 2014 dukansu biyu suna ƙarƙashin uwar kamfani guda, Shape Technologies. In Allah ya sa wata rana ka tsaya gaban ɗaya daga cikin injunan nan, kada ka tsaya kallon teburin da tsinin ke yawo a kai, domin kamfanoni da dama tebur kawai suke ƙerawa su sayo famfo a wani wuri. Zagaya baya inda ƙarar take, ka share man da ke kan farantin sunan famfon, ka karanta garin da aka rubuta.